Huɗu Na Barci

Da asuba na bar gida da maruƙa goma sha biyu,
a-kori-kura na jan tirela tana nishi,
silinda takwas duk a farke, duk bakinsu buɗe,
allurar mai sai sunkuyawa take kamar mai laifi.
Ogallala, kasuwar shanu. Na sayar.
Har tirelar na sallama wa wani yaro mai jar hula,
ko ragi bai nema ba.

Yanzu ga ni a hanyar Arthur, bayana wayam.
Tuddan yashi sun yafa ciyawa mai ruwan toka,
kwalta ta miƙe, ba hawa ba gangara,
sai lambar da ke gaban sitiyari ta kifta:
takwas ta koma huɗu.

Delmar ya tsani wannan lamba.
"Kuɗin takwas na biya," in ji shi,
"wa ya ba rabinsu izinin kwanciya?"
Sai ya taka totur don neman magana kawai,
ya tashe su, ya bushe da dariya.
Shi kam rana ba ta taɓa ganin haƙarƙarinsa a ƙasa ba
sai a watan Maris, da muka kwantar da shi.

Orrin Vavra, bakaniken garinmu, shi ya warware mini,
hannu baƙi ƙirin, kofin gahawa bisa batir:
"Ba mutuwa suke ba, Nadine, ba yajin aiki ba ne.
Kwamfuta ce ke auna nauyin ƙafarki.
In ta ga aikin bai taka kara ya karya ba
sai ta tura baƙin mai ta wata 'yar kafa,
ya zare ɗan sakata,
abin da ke ɗaga bawul ya saki jiki,
yana ta kai da komo, ba ya tura komai.
Ƙofar shiga a rufe, ta fita a rufe,
fetur ya tsaya a bakin zaure.
Fistin dai bai fasa hawa da sauka ba,
iskar da aka kulle su tare yake matsawa,
ita kuma ta mayar masa da abin da ya ba ta.
Bashi ne da ake biya nan take."

Na ce, to ina ribar?

Ya ce, "Takwas a kan ƙaramin aiki
mutum ne da aka shaƙe wa wuya
yana zuƙar iska ta cikin kara,
ƙarfinsa a wajen numfashi yake zurarewa.
In huɗu suka ɗau kayan, sai a buɗe musu maƙogwaro,
su shaƙa son ransu, su ci rabonsu tas.
A mil ɗaya ba za ki gani ba.
Ƙirga milanki na shekara."
Ya goge hannu, ya ƙara:
"Ki kula da juyen mai dai.
In ya yi dauɗa, sakatan ya cije,
wanda ya kwanta ba lalle ya tashi ba."

Wannan na riga shi sani. Ban tanka ba.

Gaban wani famfon iska mai karyayyen fiffike
tudu ya taso. Na ɗan danna.
Kafin ƙiftawar ido duk sun miƙe,
ba hamma, ba mita, ba wa-ya-tashe-ni,
suka haye da ni kamar tun ɗazu jira suke.
Can sama na hango rufin rumbunmu
da shingen da babu mai jingina da shi yau.

Takardar kuɗin na cikin aljihun kwat, ninki biyu.
Gobe ƙarfe biyar babu mai kuka a garke,
babu ƙanƙarar da zan fasa a kwamin ruwa.
Ban san me ake yi da irin wannan safiya ba.

Na sassauta ƙafa.
Lambar ta sake kiftawa.
Na rage rediyo
kada in tashe su.